Yunwar Ɗan Kore

A yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karantawa kawai na iya, kuma na san akwai waɗanda suka fi ni sanin yadda ake jera magana. Da abin zai bar ni, da na yi shiru kamar yadda na saba. To amma jiya na yi wani mafarki, kuma tun da na farka yake bi na ɗaki-ɗaki. Ko a lokacin ma ban dace ba. Mutane da dare suke yin nasu mafarkin, ni da hantsi na yi nawa, a bayan doguwar kujerar falonmu.

Sai na fara faɗin abin da ya kai ni bayan kujera.

Yayana Huzaifa yana kiwon murjani. Ba irin wanda ake shiryawa a zare a rataya a wuya ba. Mai rai, irin wanda ke tsirowa a ƙarƙashin teku. A wani akwatin gilashi yake ajiye shi a falo, cike da ruwan gishiri, da shuɗiyar fitila rataye a samansa, da ɗan famfo mai kaɗa ruwan ba dare ba rana. Saboda shi ya haɗa sola, har Baba ya ce a gidan nan dutse ya fi mutum samun wuta. A cikin duk abin da ke akwatin, wanda Yaya ya fi so shi ne wani mai rassa kamar ƙahon barewa, kore shar, muna ce masa Ɗan Kore. Da ya zo gidan bai fi kan ɗan yatsa ba. Yaya ya yi shekaru yana rainonsa har ya kai tafin hannu.

Da zai tafi bautar ƙasa, ni ya damƙa wa. Ya ce, "Hansatu, ke ce ba kya mantuwa. Idan kin ga ya koma ruwan ƙasa, kuka yake yi. Idan ya yi fari, ya mutu, kada ki wahalar da kanki."

Bai daɗe da tafiya ba Ɗan Kore ya fara dushewa. Ya koma kalar busasshiyar kuka, daga nan ya koma kalar shayin da ya kwana a kofi. Rassan suka daina tsawo. A makon nan na hango ɗan fari a gindinsa, kamar ƙwayar shinkafa.

Babu abin da ban gwada ba. Na ɗiga ruwan a ma'aunin gishiri, daidai yake. Na duba ma'aunin zafi safe da yamma. Idan ruwan ya ragu, tataccen ruwa marar gishiri nake ƙarawa, yadda aka koya mini. Na kwance famfon na wanke shi da tsohon buroshi. Na rage wa kifayen da ke ciki abinci, na ƙara musu, na sake ragewa. Fitila kuwa ita ke kunna kanta da safe, ta kashe kanta da magariba. Kafin in fita makaranta tana ci, in na dawo da la'asar tana ci. Asabar da Lahadi ma ina tahfiz har yamma, haka nake barin ta, haka nake samun ta.

Kakarmu Iya Tasalla ce ke wuni a gida. Tana yin alkaki da nakiya na biki, don haka mata ba sa yankewa a gidanmu. Yaya Huzaifa take kira maigidanta, irin wasan kaka da jika, ni kuma Mai Gilashi. Kullum na dawo sai ta tare ni: "Mai Gilashi, yaya jikin ɗan maigidana?" In na ce da sauƙi sai ta leƙa ta ce ƙarya nake yi.

Jiya na fita da jakata, a bakin titi na haɗu da wata 'yar ajinmu ta ce malamai na taro, babu karatu. Na juyo gida. Mama da Baba sun riga sun fita, Iya tana banɗaki. Ban yi magana ba, na saba shiga wuri ba a ji ni ba. Na ɗauki babban littafin Yaya na murjani, na kwanta a kan tayil mai sanyi a bayan kujera. Famfo yana ta ƙugi a hankali.

Sai na tsinci kaina a wata tasha, da goyo a bayana.

Ban yi mamaki ba. Na san Ɗan Kore ne na goya, don rassansa na sukar kafaɗata, kuma na san ba shi da lafiya. Ana ruwa a tashar, amma daga ƙasa yake fitowa yana hawa sama. Kowa ya kife lemarsa a ƙasa ya tsaya a cikinta. Mata sun ɗaure zannuwansu a idon sawu. Wani dattijo yana share wani farin abu da ruwan ke bari a baya, yana tarawa a kwando.

Na gaishe shi na ce, "Baba, mene ne wannan?"

"Gishiri. Ruwa shi ke da wurin zuwa, gishiri ɗan gida ne."

Na ce na sani, shi ya sa marar gishiri nake ƙarawa.

"To ba ni kike nema ba," in ji shi. Ya nuna mini wata bas da tsintsiyarsa.

Kwandastan ƙaguwa ce, tana tafiya a karkace tana kira: "Ofis! Ofis! Saura mutum ɗaya ya sauka mu tafi!" Na shiga na zauna a gefe-gefe saboda goyo. Muka yi ta jira, babu wanda ya yarda ya sauka. Wata mata a kusa da ni ta leƙa bayana ta ce, "Ayya, haƙori yake yi?" Na ce a'a, launi ne ya gudu. Ta ce nata ma haka ya yi, yanzu ga shi can har ya zama dutsen guga. Daga ƙarshe direba ya gaji ya sauka. Nan take bas ta tsaya cik yadda take, tashar ce ta tafi ta bar mu.

Ofishin ya zo ya same mu a wurin.

A ƙofar ofishin mutane ne ɗaure a turaku, kowa da igiyarsa, suna jiran a kira su. Ba su da alamar damuwa, wani ma jarida yake karantawa. A ciki awaki ne a kan kujeru. Wata jar akuya mai ɗankwali ta dube ni ta saman tabarau, tana tauna labulen taga.

"Me ke tafe da ke?"

"Ɗan yayana ne ba lafiya."

"Ina igiyarki?"

Na ce ban zo da ita ba. Ta yi tsaki ta ce yaran yanzu sai su fito gari a sake. Amma ta bar ni na wuce.

Shugaban ofishin bunsuru ne, da babbar riga, ya sha turare amma turaren ya sha kashi. A ƙofarsa an rubuta Sashen Launi da Tsawo. Na durƙusa na ce ranka ya daɗe. Na kwance goyo na ɗora Ɗan Kore a kan tebur. Awaki suka zagaye shi.

Ɗaya ta lashe shi, ta lumshe ido. "Gishiri daidai."

Ɗaya ta kwantar da kunnenta a jikinsa. "Ba zazzaɓi, ba sanyi."

Bunsuru ya ce, "Ruwan yana motsi, ko yana zaune kamar surukin da ya zo biko?"

"Yana motsi, ranka ya daɗe. Na wanke famfon da kaina."

"Yana ci?"

Na ce ban taɓa ganin yana ci ba. Bunsuru ya ce shi ma bai taɓa ganin kansa yana ci ba, sai dai ya ga abu babu.

Wata tsohuwar akuya da gemunta ya fi na bunsurun tsawo ta yi gyaran murya daga lungu. "A jiƙa masa kanwa. Mu duk abin da ya same mu kanwa ake ba mu, ga mu nan har mun zama manyan ma'aikata."

Na ce Yaya ya hana a saka duk wani abin da ya fito daga kicin.

"To man ja fa? Ko ba kore ba, ai launi launi ne."

"Shi ma daga kicin yake."

"Wannan yayan naki," in ji tsohuwar, "a ina yake cin abinci?"

Suka haɗa kawuna suka yi shawara, ƙahoninsu na ƙwanƙwasar juna. Ni kuwa ina kallon farin nan na gindin Ɗan Kore. Ya ƙaru. Daga ƙwayar shinkafa ya koma ƙwayar wake.

Bunsuru ya miƙe ya gyara riga. "Mun auna duk abin da ake aunawa, kowanne daidai yake. Saboda haka yaron nan lafiyarsa ƙalau. Muna taya ki murna."

"Ranka ya daɗe, mutuwa fa yake yi."

"Wannan kuma ba a sashenmu yake ba. Mu masu lafiya muke dubawa. In launi kike so, ki kai shi marina." Ya raka ni har ƙofa saboda girmamawa, ya ciji gefen hijabina ya haɗiye.

Ina taka dokin ƙofa na ga ni a bakin rijiyoyin rini.

Marinan balbelu ne, farare tas. Sun ce tun kakanninsu suke rini, ba wanda ya taɓa yarda ko ɗigo ya taɓa shi. Babbansu ya ɗauki Ɗan Kore da baki ya tsoma shi a rijiyar kore, ya jira, ya ciro. Yana nan yadda yake, kalar shayi. Rijiyar ce ta koma ruwan ƙasa. Ya tsoma shi a ta shuɗi, ita ma ta koma ruwan ƙasa. Sauran balbelun suka fara tsalle da ƙafa ɗaya.

"Baiwar Allah, ɗauki kayanki, zai ƙarar mana da sana'a."

Na karɓe shi na rungume. Hawaye suka zo mini, amma da yake garin haka yake, sama suka bi ta goshina suka shige ɗankwali.

Wata ƙaramar balbela ta matso, ta karkata kai. "Shi me ya ce?"

"Wa?"

"Marar lafiyar. Kin yi ta yawo da shi gari-gari. Kin tambaye shi?"

Gaskiya ban taɓa tunanin haka ba. Na ji kunya, na kai bakina kusa da reshensa na ce, "Ɗan Kore, don Allah me ke damunka?"

Wani ɗan rami a jikinsa ya buɗe. Wata murya ta ce, "Ba a magana a ƙofar gida. Shigo."

Na cire takalmina na yi sallama na shiga.

Ashe gidan haya ne a ciki. Dogon soro, da tsakar gida, da ɗakuna hawa-hawa har cikin rassa. Kuma a cike yake maƙil da wasu 'yan mitsi-mitsin mata masu zagayayyun jiki, duk kalar ƙasa, wasu a kan wasu, har a kan katanga da bakin rijiya. Kowace na riƙe da faranti ta ɗaga sama. Sai da na yi ta cewa a gafarce ni kafin na sami wurin sa ƙafa.

Wata mai ɗan jiki, da alama ita ce babbarsu, ta taso daga gindin murhu. Ta ce sunanta Magajiya.

"Ke ce mai kula da mu? Sannu. Muna ganin hancinki a jikin gilashi."

Na ce su wane ne su.

"'Yan haya. Mu haske muke dafawa. Mu tara shi a faranti, mu zuba a tukunya, mu ci, mu ba maigidan nan nasa. Shi kuma da abin da ya ci yake ɗora mana sabon bene. Haka muke tun a teku."

Na tuna na karanta wani abu mai kama da haka a littafin Yaya, sai dai a can ba a ce suna da farantai ba.

Ta buɗe mini tukunya. Ɗan haske ne a gindinta, bai fi a shafa wa jariri a baki ba.

"Kin ga abincin yau. Da muka ga abin ya yi ƙaranci, sai muka aika ƙauye aka turo mana dangi, ko yawan faranti zai sa a tara da yawa. Ga su nan, sun cika gida, sun rufe wa maigida koren fentinsa, har ba a ganin bango. Abinci kuwa bai ƙaru ba. Gini ya tsaya. 'Yan ɗakunan ƙasa sun gaji sun kwashe kayansu."

Ta nuna mini ɗakunan ƙasan. Fari fat, ba kowa, ko tabarma babu.

Na ce, "Amma Magajiya, fitila na ci tun safe har magariba. Da idona nake gani."

"Kina nan?"

"Ina ganin ta in zan fita, ina ganin ta in na dawo."

"Tsakani fa?"

Na ce tsakani ina makaranta.

"Hau soro ki zauna. Yanzu za a yi."

Na hau can ƙarshen reshe na zauna na rungume gwiwa. Rana tana sama, shuɗiya, doguwa kamar sanda, tana zubo haske. 'Yan haya suna ta tara, suna guɗa. Ban daɗe da zama ba sai ga wasu hannaye biyu sun ɓullo daga gabas, manya kamar gajimare, da jan lalle a tafi da zoben azurfa. Suka yarfa wani abu. Wata sabuwar sama ta shimfiɗu a ƙarƙashin rana, daga wannan bango zuwa wancan, ta sauko ta rufe gaba da gefe. Duniya ta yi duhu, ta yi ɗumi. Da na ƙura ido sai na ga saman tana da zane: kaji ne ruwan ɗorawa, kowace da 'yan tsakinta, a kan baƙar ƙasa. A wani gefen ma akwai ƙunar garwashi.

Na san atamfar nan. Tun ina ƙarama nake ganin ta a ƙugun mutum ɗaya.

Daga ƙasa Magajiya ta ɗaga murya: "Haka za a zauna har la'asar. A sauke farantai, 'yan uwa, hannu ya huta."

Na nemi hanyar hawa wannan sabuwar saman, babu tsani. Sai na ga wani baho a kan soron. Na zauna a ciki, ruwan garin ya taso daga ƙasa ya ɗaga ni, muna tafiya a hankali, har kaina ya tokari cikin wata kaza. Na ɗaga ta na leƙa.

Iya Tasalla ce zaune a kan sama, ta miƙe ƙafa, kasko a gabanta tana suyar alkaki. A hannunta na hagu mafici. Wasu abubuwa na shawagi a kanta kamar ƙudaje. Da na duba sosai sai na ga bakuna ne, ba fuska, ba jiki, wasu da jan baki, wani da haƙorin Makka. Kowanne da abin da yake faɗa.

"Kai! Wannan abu da kyau yake!"

"Dutse ne ko fure?"

"Ji wani kore kamar a lasa!"

"Mu dai ko wutar caji ba mu da ita."

Iya tana kai musu duka da mafici, suna watsewa suna dawowa.

"Mai Gilashi," in ji ta, ko juyowa ba ta yi ba, "ba makaranta kika tafi ba?"

"Iya, ke ce kike rufe sama?"

"To wa zai rufe? Ke kina can kina boko. Ji su fa. Tun safe suke zuwa, kowace sai ta tsaya ta saki baki a gaban abin yaron nan, ba mai cewa tubarkalla. Ko ɗaya. In na ce su faɗa, su ce Iya ta cika camfi."

"Iya, yunwa suke ji a ciki."

"Su wa?"

"'Yan hayarsa. Haske suke ci."

"To miƙa musu alkaki."

"Ba sa cin alkaki."

"Shi ya sa suka rame." Ta juya na cikin kaskon. "Ke yarinya ce. A da ina da gwanda a gidanmu na Giwa, 'ya'ya har tana nishi. Wata mata ta shigo neman wuta, ta ɗaga kai ta ce, wannan gwanda ko a lambun Bature. Kafin Juma'a ta kwanta a ƙasa, ba iska ba ruwa. Yaron nan ya tafi wata uwa duniya, ya bar abin da ya fi so. Tun da na ga ya fara canza kala na san an fara cin sa. Da, sai in na ji sallama nake rufewa. Yanzu kina fita nake rufewa, tun kafin su iso."

"Kullum?"

"Ko fashi. Ba na son ki gani hankalinki ya tashi, shi ya sa nake yayewa kafin ki dawo. Ke kina aikinki da 'yan kwalabenki, ni ina nawa. Duk da haka ga shi yana ƙara lalacewa. Bakin mutanen unguwar nan har atamfa yake hudawa. Gobe bargo zan sa."

Na ce, "Iya, don Allah kar ki sa bargo."

Ta ajiye mafici ta dube ni sosai. Idanunta sun yi ja, ban sani ba ko hayaƙi ne. "To faɗa mini. In na yaye, su cinye shi. In na rufe, kin ce yunwa. Me zan ce wa maigidana in ya dawo?"

Bakunan nan suka taru a kanmu suna jira su ji. Sai ga bunsurun ofis ya hawo saman da babbar rigarsa, ya ce an kawo ƙara wai ana rufe sama ba da izini ba. Ya sunkuya ya fara cin kajin ɗaya bayan ɗaya. Iya ta ɗauki matsami ta shiga buga gefen kasko don ta kore shi. Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.

Na buɗe ido. Matsamin Iya ne a tsakar gida, tana kakkaɓe mai a bakin kasko. Littafin Yaya yana kan fuskata, kumatuna ya manne da tayil.

Falon ya yi duhu fiye da yadda na bar shi. Na leƙa ta gefen kujera. Akwatin gilashi a lulluɓe yake ruf, sama da gaba da gefe, da atamfa mai kaji. Fitila na can sama tana ta zuba haskenta a bayan zane.

Ban sani ba ko na buɗe ido cikin barci na gan ta tana rufewa, ko kuwa yaya aka yi. Na dai daɗe a durƙushe ina kallo. A tsakar gida muryoyin mata ne, ana gardamar ko nakiyar wancan bikin ta fi ta wannan. Ina iya fizge zanen. Amma gobe ina fita za a mayar, wataƙila ma da bargo. Ina iya zuwa in yi wa Iya bayani da littafi a hannu, a gaban baƙinta, ta zama abin dariya a gidan ɗanta. Wannan kam ko a mafarki ba zan iya ba.

Na lallaɓa ɗakinmu na kwaso 'yan maƙalan shanya. Na janye zanen daga saman akwatin, na naɗe bakinsa, na maƙale shi a leɓen gilashin, ya sauko ta gaba da gefe kamar labule. Duk wadda ta shigo falo kaji za ta gani. Sama kuwa a buɗe. Haske ya faɗa cikin ruwan gaba ɗaya, kifaye suka firgita suka ɓuya. Na ɗaga gefen labulen na ce wa Ɗan Kore a hankali, "A fito da farantai." Daga nan na ɗauki jakata na bi ta ƙofar baya, na wuni a ɗakin karatu na unguwa.

Da la'asar na dawo kamar kullum. Ba zane, ba maƙalai. Iya ta ce, "Mai Gilashi, yaya jikin ɗan maigidana?" Na ce da sauƙi. Ta dube ni, ta daɗe, ba ta ce ƙarya nake yi ba.

Littafin ya ce launi ba ya dawowa a kwana ɗaya, sai an yi makonni, kuma wurin da ya yi fari sai dai sabon nama ya rufe shi in an yi sa'a. Don haka ban san ko Ɗan Kore zai tashi ba. Abin da na sani shi ne na yau da safe.

Na yi sallama na fita, na kai bakin ƙofa, na zagayo ta lungu na tsaya a jikin tagar falo. Iya ta shigo da atamfarta a kafaɗa. Ta tsaya a gaban akwatin. Ta ɗaga zanen kamar za ta yarfa, ta fasa. Ta kwance bakin zanenta, sai ga maƙalan nan. Ta yi ɗage, don akwatin ya fi ta tsawo, ta shiga maƙalawa ɗaya bayan ɗaya, tana nishi, tana mita.

"Dutse da cin abinci. To ci. Ci ka ƙoshi, tubarkalla, kar a ce a hannuna ka rame."

Ta ja da baya ta duba ko akwai inda ido zai shiga, ta gyara wani gefe. Ta fara juyowa wajen taga, ni kuwa na sunkuya, na riƙe jakata a ƙirji don kada ta yi ƙara, na bi jikin bango na fice.